Mikiya Mai Kai Biyu

Ƙanena Gunadi bai taɓa taka ƙasar Girka ba, bai taɓa ganin Istanbul ba, ko Jakarta, babban birnin ƙasarmu, sai aikin ofis ya kai shi. Amma ka kuskura ka ce a gabansa Rumawa tun farkonsu mikiya mai kai biyu suke sawa a tuta, zai ajiye cokali, ya gyara zama, ya riƙe ka har miyarka ta huce. Mikiyar nan, in ji shi, ta gidan sarautar ƙarshe ce, gidan Palaiologos, waɗanda a zamaninsu aka ci birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Kafin su akwai gicciye, akwai haruffa biyu da ake sarƙewa, akwai kaza da kaza. Na sha wannan karatun har na haddace shi ba da son raina ba.

Mu uku Ibu, wato mahaifiyarmu, ta haifa. Ni ce babba, Sundari, sai Gunadi, sai autanmu Tirta, wanda ya zo bayan an fid da rai. Ina da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a bayan kasuwar Salatiga. Gunadi ma'aikacin gwamnati ne, yana ofishin gunduma, ga mata ga yara uku, kullum cikin kakinsa mai guga.

Akwai wani wasan yaƙi na kwamfuta, irin wanda mutum ke riƙe daula yana tura runduna a kan taswira. Masu shi sun bar ƙofa a buɗe, duk wanda ya ga dama ya yi masa kwaskwarima ya saki kyauta, shi ne muke kira mod. Namu na Rumawan Kustantiniyya ne. A wasan asali tuta ɗaya shunayya aka ba su ta shekara dubu, abin da Pak Harsoyo, wato Malam Harsoyo, ya ce cin mutunci ne, kuma ba zai mutu ya bar shi haka ba. Tsohon malamin tarihi ne, shi ne shugabanmu, shi ke karance-karancen. Ni ke saka hotuna a cikin wasan in tabbata bai tsaya ba. Gunadi kuwa shi ne mai zane. Kowace tuta, kowace garkuwa, kowane hatimi daga hannunsa suka fito, yana yi da yamma bayan an tashi aiki, shekara da shekaru.

Ibu ba ta taɓa gane abin ba. Takan leƙo ta ga gicciye cike da allon kwamfuta ta ce, "Yanzu ɗan musulmi, ka rasa abin zanawa sai wannan?" Pak Harsoyo ne ya taɓa ce mata ai Rumawan nan sura guda gare su a Alƙur'ani. Ta ce to su ji da surarsu, a zo a ci abinci.

A duk zanen Gunadi babu wanda yake ji da shi kamar mikiyar. Ita ke fara fitowa idan aka buɗe wasan, ta cika allo, sunansa a ƙasa da ƙananan haruffa. Gaskiya dai ba ta da wani kyau na a zo a gani. Rawaya ce, a baje, idanunta a warwaje, har 'yan wasa suka sa mata suna kazar Gunadi. Amma da so suke faɗa, shi ma yakan yi dariya. A ofis babu wanda ya san shi sai mai ɗaukar takarda daga wannan tebur zuwa wancan. A nan kuwa mutane daga Rasha har Brazil sun san sunansa, kuma kazar nan ce ta kai shi can.

Ana cikin shirin sakin babban sabon fitowa, wanda muka daɗe muna wa aiki, sai Tirta ya dawo gida daga Surabaya. Zanen kwalaye yake yi wa kamfanoni, na biskit da na sabulu, ya ce aikin ko daga ɗakin Ibu zai iya yin sa. Gunadi ne ya koya wa yaron nan riƙe fensir, na gani da idona. Amma tun suna ƙanana haka abin yake: Gunadi ya sha wuya kafin ya iya abu, Tirta ya zo ya ɗauka kamar a hanya ya tsinta. Ibu kuma ba ta taimaka ba. Idan baƙi suka zo takan ce, "Tirta dai hannunsa baiwa ce. Gunadi kuma mai ƙoƙari ne." Duk wanda aka taɓa kira mai ƙoƙari a gaban ƙaninsa ya san zafin kalmar.

Ran Lahadi da safe mukan haɗu a rumfar mai romon da muke kira soto, da ke kusa da shagona, nan ne ofishinmu. Rannan Tirta ya biyo mu, ya ci kwano ɗaya, ya ƙara da tempe, soyayyen curin waken soya, sannan ya goge hannu ya ciro allon zanensa daga jaka.

"Pak, na ɗan gwada hannuna. Ba wani abu ba ne, zaman banza ne ya yi mini yawa."

Ya ajiye a tsakiyar tebur. Mikiya ce, zinariya a kan ja mai duhu, an yi ta kamar da ƙananan duwatsu aka jera ta irin na bangon majami'unsu. Kawunan biyu suna da rai, ɗaya kamar a fusace, ɗaya kamar ya gaji da duniya. Pak Harsoyo ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa. Ni kaina sai da na ce kai. Mai soton ma ta tsaya da ludayi a hannu tana kallo.

Gunadi ya ce, "Kambin bai yi daidai ba."

"Daga hoton da kai ka kawo mana bara aka ɗauko shi," in ji Pak Harsoyo. "Daidai yake."

"To jan ya yi duhu."

"Mas, sai in haska shi," in ji Tirta, don haka ake kiran yaya namiji a wurinmu.

"Ban ce ka taɓa komai ba. Faɗa nake yi kawai."

Muna da al'ada a mod ɗin nan: idan zane biyu suka yi karo a kan wuri ɗaya, sai a ɗora su a dandalinmu na intanet, 'yan wasa su jefa ƙuri'a. Gunadi da kansa ya kawo dokar, lokacin da wani ɗan Poland ya zo da garkuwa yana so a cire tasa, kuma a wancan karon shi ya ci. Da Pak Harsoyo ya ce a ɗora mikiyoyin biyu, babu bakin musu. Gunadi ya ce, "Doka ce ai," ya tashi ya biya kuɗin kwanonsa kawai, wanda bai taɓa yi ba, ya hau babur ya tafi.

Ƙuri'a ba ta yi masa da daɗi ba tun ranar farko. Ba ma ƙuri'ar ce ta fi cin sa ba, sharhin ne. Wani mutumin Girka, wanda ya daɗe yana yabon Gunadi, ya rubuta cewa ya nuna wa kakarsa sabuwar mikiyar, tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Wani ya ce yau dai kaza ta girma ta zama tsuntsu. Wani ya ce a gode wa Gunadi da ya riƙe mana wurin kafin mai wurin ya zo. Gunadi ya karanta duka, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka rubuta da yaren da sai ya nemi fassara. Matarsa ta gaya mini a teburin cin abinci ma wayar na gefen faranti.

Hassada ce, ba wani abu ba, kuma ba zan sa mata wani suna ba don ɗan'uwana ne. Ta ramar da shi. Idan Tirta ya shigo ɗaki sai ya tuna yana da abin yi a waje. Ibu ta dafa abin da yake so ta aika masa, ya ce a kai wa mai baiwa. Har gaisuwar Tirta sai ya juya ta ya nemo raini a ciki. Ni kuwa haushin su biyun nake ji: shi don ƙanƙantar da kansa, Tirta don yana yawo da fara'arsa kamar bai san wutar da ya kunna ba.

Wata ranar Alhamis da la'asar ana ruwa, sai ga Gunadi a shago, kakinsa a jiƙe. Mbak ƙannena ke ce mini, wato yaya mace.

"Mbak, ki buga mini mikiyar Tirta. Babba, irin girman allon talla."

"A falo za ka rataya?"

"Dubawa zan yi."

"Me ka rasa gani a waya da sai an ɓata mini tawada?"

"Zan biya."

"Da ma ai za ka biya."

Na buga masa. Ya shimfiɗa ta a ƙasa tsakanin injina biyu, ya cire takalmi, ya durƙusa a kanta da gwiwoyinsa, babban mutum mai 'ya'ya uku. Ya bi baki, ya bi farce, ya bi kambi, yana neman inda yaron ya zame. Na koma kan aikina na bar shi. Can na ji shagon ya yi shiru da yawa, na waiwaya, sai na ga yana bin gashin fiffike da yatsa, leɓensa na motsi. Ya gama na dama, ya koma na hagu, ya sauka kan jela. Da ya ɗago, fuskarsa ta washe irin yadda ban gan ta ba tun dawowar Tirta.

"Mbak, zo ki ƙirga."

Na ƙirga. Fiffiken dama gashi goma sha bakwai. Na hagu goma sha bakwai. Jela takwas. Kafin in kai na ƙarshe na riga na fara dariya, don babu ɗan ƙasar nan da zai ji waɗannan lambobi bai gane ba. Garuda ne, tsuntsun tambarin ƙasarmu: sha bakwai ga watan takwas, ranar 'yanci. Tun muna firamare ake sa mu zana shi, malami na bi da jan biro yana ƙirga gashin, wanda ya rage ɗaya ya sake daga farko. Ka ba kowannenmu takarda ka ce ya zana babban tsuntsu da buɗaɗɗun fikafikai, hannunsa zai tsaya a sha bakwai ko da hankalinsa na wani wuri.

"Allah sarki," na ce. "Hannu ne ya tuna makaranta. Kira shi ka gaya masa, ya cire ɗaya ya huta."

Gunadi bai yi dariya ba. Ya ce, "Kuskuren tarihi a dandali ake faɗarsa. Doka ce."

"Wane tarihi? Rumawan sun ce maka ga adadin gashin da suke so?"

"Mutane suna zaɓar abu ba su san me suke zaɓa ba. Haƙƙinsu ne su sani."

"Gun, dube ni. Wannan ba haƙƙin kowa ba ne, ƙaninka ne."

"Ni tambaya kawai zan yi."

"Tambaya ake yi da wannan fuskar?"

Ya nannaɗe takardar ya cusa a ƙarƙashin rigar ruwa. Na bi shi har bakin ƙofa ina ce masa idan ya yi, kada ya sake zuwa mini shago. Ya san ba zan iya hana shi ba, ya tafi.

Washegari ya ɗora. Ya yi aikin da kyau, don Gunadi ba ya aikin ganin dama: mikiyar Tirta a hagu, Garuda a dama, kowane gashi da lambarsa ja. A sama ya rubuta, "Tambaya kawai." Da farko 'yan waje ne suka gani. Rabinsu dariya suka yi, wasu ma suka ce abin ya ƙara burge su. Mutumin Girkan nan ne ya ji haushi, ya ce an shigo musu da tambarin wata ƙasa ta bayan gida, an sa kakarsa ta yi wa abin da ba shi ba addu'a. Da a nan ya tsaya, da ƙuri'a kawai za ta motsa, kuma na tabbata iyakar abin da Gunadi ya so ke nan.

Sai wani ya kwafi hoton ya kai shi shafukan mutanenmu, waɗanda ba su taɓa jin sunan Rumawa a wasa ba, ba kuma su damu ba. Su abin da suka gani daban ne: an ɗauki Garuda an yi masa kai biyu, an cire garkuwar ƙirjinsa, an ɗora masa kambi mai gicciye. Kafin Lahadi sunan Tirta ya zaga inda bai taɓa zuwa ba. Zagi ta waya, zagi a shafinsa, wasu na cewa a kai shi ga hukuma don wulaƙanta tambarin ƙasa laifi ne. Kamfanin biskit ɗin da ya fi ba shi aiki suka ce a dakata tukuna, irin dakatawar da ba a dawowa. Mai unguwa ya zo gida da kansa, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar ƙafar Ibu, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce shi dai ya san gidan nan gidan mutunci ne, amma mutane na magana. Bayan ya tafi Ibu ta shiga ɗaki ta yi kuka, ba ta ma san kan zancen ba.

Tirta ya rubuta gajeriyar takardar ban haƙuri a dandali da shafinsa. Ya ce kuskurensa ne, shi kaɗai, ba da nufi ya yi ba, ya janye zanen, ya kuma fita daga mod ɗin. Pak Harsoyo ya kira ni, muryarsa duk ta tsufa, ya ce a mayar da tsohuwar mikiya kawai, a saki abin a huta.

Gunadi ya zo shago duk da na ce kada ya zo. Ya riƙo ledar soyayyar ayaba ya ajiye mini a tebur.

"Ni ban ce a zage shi ba," ya ce. "Kin san ban ce ba."

"Na sani."

"Mutane ne ba su da hankali. Amma ai da ma abin zai fito ko ba ni ba. Gara da ya fito kafin a saki."

"Ɗauki ayabarka."

Ya yi fuskar jimami, kuma ban ce duka ta ƙarya ce ba. Amma da zai fita na ji yana ɗan waƙa a ƙasan maƙogwaro, bai ma san yana yi ba. Na ji kamar in jefe shi da abin huda takarda.

Tun lokacin da ƙuri'a ta karkata na riga na saka mikiyar Tirta a kwafin gwaji, don haka sai na cire ta na mayar da ta Gunadi. Yadda nake aikin, nakan ɗora sabon hoto a kan tsoho, in riƙa latsa maɓalli ɗaya yana nuna wannan yana nuna wancan, don in ga ko ya zauna daidai a kan sandar tuta. Na latsa, kawuna suka canza, launi ya canza, kambi ya ɓace. Fikafikan ba su motsa ba. Na sake latsawa, na sake. Kowane gashi yana nan a inda yake, tsawonsa ɗaya, lanƙwasarsa ɗaya, har da wani na gefen hagu da ya ɗan karkace. Zinariya ce kawai ke zuwa tana tafiya a kansu. Sai na ƙara girman kazar Gunadi, wadda nake kallo shekara da shekaru ban taɓa ƙirgawa ba, na ɗora yatsa a kan allo. Sha bakwai, sha bakwai, takwas.

Na rufe shago da rana tsaka na tafi gida. Na tarar da Tirta a tsakar gida yana ɗaure kwalin littattafai, zai koma Surabaya, wani abokinsa ya ce ya zo su zauna kafin ƙura ta lafa.

"Fikafikan na waye?" na ce.

Bai ɗago ba. "Kin ɗora su ke nan."

"Na ɗora. Na waye?"

"Na Mas Gun ne. Ban taɓa su ba, fenti kawai na yi musu." Ya ja igiya ya ƙulle. "Fikafikansa suna da kyau, Mbak, kai ne bai iya ba. Na bar su don abin ya zama namu mu biyu. Ran nan a wurin soto jira nake ya ce, kai ɗan banza, wannan ai nawa ne, in ce eh, a sa sunanmu tare. Sai ya ce kambi bai yi ba."

"Sai ka yi shiru kamar an ɗinke maka baki."

"Na ce bari ya huce tukuna. Kin san shi, idan na faɗa a lokacin cewa zai yi tausayinsa nake ji."

"Ka san sha bakwai ne?"

"Ina fa. Sai da na ga jajayen lambobin. Na zauna ina kallo, na ce yau Mas ya ƙirga nasa da hannunsa." Ya ɗan yi dariya wadda ba ta kai ido ba.

"To me ya hana ka faɗa? Layi ɗaya za ka rubuta, su sauka daga kanka."

"Su hau kan wa?" Sai yanzu ya dube ni. "Ni kwalin biskit nake zanawa, in an kore ni nan in koma na sabulu. Shi Garuda na maƙale a kakinsa, yana rataye a bangon ofishinsa. A ce ma'aikacin gwamnati ya yi shekaru yana raba wa duniya wannan da sunansa a ƙasa? Ke kin san abin da za su yi masa. Yara uku, Mbak."

Sai na zage shi, na ce shi ma wawa ne, duk gidan wawaye ne. Ya yarda. Ya roƙe ni kada in gaya wa Pak Harsoyo, kada in gaya wa Ibu, kada in rubuta a ko'ina. Na ce shi Gunadin fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan tsakanina da shi ne.

Na aika wa Gunadi ya biyo ta shago idan an tashi. Ya zo da kakinsa, yana tsammanin na huce. Na zaunar da shi a kujerata, na ɗora yatsansa a kan maɓallin.

"Latsa."

Ya latsa. "Me zan gani?"

"Ci gaba da latsawa. Ka bar kallon kai, kai ne ya hana ka gani tun farko."

Ya latsa sau da yawa, da sauri, sannan a hankali, sannan ya daina. Allon ya tsaya a kan kazarsa. Ban ce ya ƙirga ba, na ga leɓen ya fara motsi da kansa. Da ya kai jela sai ya sa hannu ya taɓa ƙirjin rigarsa, ya sauke.

"Ya sani?" ya ce.

"Tun ranar da ka ɗora."

"Bai faɗa ba."

"Bai faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba. Ya hana ni ma. Saboda aikinka, saboda yaranka. Gobe da safe zai hau jirgin ƙasa, ba shi da aiki, ana tsine masa a garuruwan da bai taɓa zuwa ba, a kan gashin da kai ka zana."

Na zuba masa ido. Ina jira ya yi kuka, ko ya tashi ya ruga gida, ko ya ce ba ni wayar in rubuta gaskiya, ko da zan hana shi. Ya zauna yana kallon tsuntsun. Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa ce, kuma babu nadama a cikinta, ɗaci ne zalla.

"Kin gani ko, Mbak. Har a nan ma sai da ya fi ni."

Wallahi na san hassadar ta yi nisa, ban san ta kai inda alheri ma zai zama wani abin da aka ƙwace masa ba. Tausayinsa ya kama ni tare da haushi, har ban san wanda ya fi ba.

Ya jawo kujera kusa da tebur, ya buɗe manhajar zane. A gabana ya goge gashi ɗaya daga fiffiken dama, ɗaya daga na hagu, ya ɗan baza sauran su rufe gurbin, ya ƙara ɗaya a jela. Aikin ya fita tsaf. Ya adana, ya miƙe.

"Wannan za ki saka."

"Za ka je tasha gobe?"

"Muna da taro a ofis."

Na saka. Me zan yi? Idan na bar tsohuwar, wani zai ƙirga wata rana, abin da Tirta ya sha ya tashi a banza. Ni na raka shi tasha, ni da Ibu, tana ta cusa masa ƙunshin abinci tana tambayar me ya hana yayansa zuwa.

An saki mod ɗin a ƙarshen watan, ya kuma karɓu fiye da duk na baya. Mutumin Girkan nan ya rubuta doguwar godiya ga Gunadi, mai ido, mai kishin tarihi, wanda bai bar zumunci ya rufe masa baki ba. Da ka buɗe wasan mikiyar ce ke fara fitowa, rawaya, ta cika allo, sunansa shi kaɗai a ƙasa, kuma babu maɓallin tsallake ta, sai ta gama tsayuwarta.

Gunadi yana zuwa soto ran Lahadi kamar da. Kullum sai ya tambaye ni ko wasan na tafiya daidai, ko tutocin sun zauna, ko akwai inda yake tsayawa. Ni yake tambaya saboda tun ranar da aka sake shi bai buɗe shi ba.